Inuwar Bayan Ɗakin Iya

Aikina shi ne in nuna wa mutum gidansa tun ba a haƙa tushe ba. Masu zanen gini a ofishinmu na Sakkwato su ja layukansu, ni kuma in karɓa in tayar da bango a cikin kwamfuta, in ɗora rufi, in shafa fenti, in dasa itatuwan da na san ba wanda zai ba su ruwa, daga ƙarshe in kunna rana. Kunna ranar nan ita ce sana'ar. Gini komai muninsa, in ka san inda za ka ajiye masa rana, sai mai shi ya kalli hoton ya ce a fara aiki gobe. Na yi shekaru ina ajiye rana inda na ga dama, har inda Allah bai taɓa ajiye ta ba, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya tambaye ni.

Inna, mahaifiyata, ba ta gane aikin ba, kuma ba ta wahalar da kanta ba. In matan unguwa a Wurno suka tambaye ta, sai ta ce ɗiyarta tana ɗaukar hoton gidajen da babu su. Da farko abin yana ba ni haushi. Daga baya na ga duk bayanin da zan yi bai fi nata ba.

Tana da ƙanwa guda, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke kira Yafendo, tana aure a Goronyo. Yafendo irin matan nan ce da za ka ji sallamarsu tun suna bakin titi. Ba ta taɓa yin kuskure ba a rayuwarta, in dai ita za a tambaya. Kowa a dangi ya ce halinta na ɗauko, kuma maganar tana yi min zafi ne don gaskiya ce. Inna kuwa mace ce mai sanyi. In ta faɗi magana sau ɗaya aka musa, sai ta naɗe abarta ta ajiye.

In Yafendo ta zo Wurno, hirarsu ɗaya ce: gidan mahaifinsu, a wani ɗan ƙauye kusa da Rimawa. Gidan babu shi yanzu. Ruwa ya yi ta cin gindin bango shekara bayan shekara har mazan suka gaji da yaɓe suka koma tudu, wurin ya zama gonar albasa. Ba wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa. Mahaifiyarsu, kakata, wadda kowa ke kira Iya, ta rasu ina goye. Ni dai a bakinsu na san gidan: zaure, rijiya, rumbuna biyu, turken awaki, ɗakin Iya a tsakiya. Ba itace ko ɗaya a cikinsa, don kakanmu ya ce itace na tara tsuntsu, tsuntsu na cin hatsi. Saboda haka inuwar gidan duk ta bango ce.

Inna ba a gidan ta girma ba. Ita ce 'yar fari, kuma yadda aka saba, ana yaye ta aka kai wa gwaggonta a Rabah riƙo. Sau ɗaya a shekara ake kawo ta ganin gida, ta yi 'yan makonni a mayar da ita. Iya kuma tana kunyar 'yar fari irin ta mutanen da: ba ta faɗar sunanta, ba ta kallonta a gaban mutane, in za ta ba ta abinci sai ta ba wani ya miƙa. Wuri ɗaya ne kawai, in ji Inna, kunyar ke sassautawa. Da hantsi, in gida ya watse, Iya kan ɗauki tabarma ta zagaya bayan ɗakinta, inda inuwa take, ta zauna aiki. Sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, a zo a riƙe mata faifai. Nan Inna take zama, gwiwarta na taɓa ta uwarta. Nan Iya ta taɓa tsefe mata kai. Tun ina yarinya nake jin wannan, kuma ban taɓa jin Inna ta ba da wani labari nata da Iya wanda ba a bayan ɗakin nan ya faru ba.

A shekarar da nake magana, Inna ta fara mantuwa. Ƙananan abubuwa ne: ta zuba gishiri sau biyu, ta nemi mayafin da ke kanta, ta tambaye ni yaushe na iso bayan mun gama gaisawa. Mu muna dariya, ita ma tana tayawa, amma dariyarta ba ta kaiwa ciki. Ita ce ta yi jinyar gwaggon nan ta Rabah har ƙarshe, ta ga yadda tsohuwar ta ruɗe, tana ba da labarin bikin da ba a yi ba, tana rantsuwa a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Mantuwar kanta ba ta tsorata Inna sosai. Abin da take tsoro shi ne ranar da za ta fara tuna abin da bai faru ba.

Ni kuma da rawar kaina na ce bari in faranta mata, zan gina musu gidan a kwamfuta. Na zaunar da su biyun na yi ta tambaya, suna faɗa ina zanawa, Yafendo na ƙara wa katanga tsawo duk lokacin da ta sake ba da labarinta. Na koma Sakkwato na tayar da bangon laka, na ɗora wa rumbuna jinka, har tsagewar da ke jikin zaure na saka. Da na zo kan haske sai na yi yadda na saba. Akwai hotunan sararin sama da muke saukowa daga intanet, an ɗauko su a wasu ƙasashe, kowanne da ranarsa a ciki. Kana lulluɓa wa gini ɗaya daga ciki sai ya ɗauki haskensa. Na zaɓi wanda nake yi wa manyan gidaje, mai ruwan zinare, na yi ta juya shi har ranar ta faɗo ta bayan ɗakin Iya, don jinkar rumbu ta yi ƙyalli. Hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na ɗauke shi daga sama kaɗan yadda za a ga gidan duka, na buga a babbar takarda.

Ranar da na kai shi Wurno, Yafendo na nan. Na shimfiɗa takardar a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa. Yafendo ta rafka salati ta dafe ƙirji.

"Ke ɗiyag ga, aljani gare ki? Ga zaure! Ga rijiya! Adda, dubi turken awakinmu!" Adda take ce wa Inna, wato yaya.

Inna ta matso ta bi hoton da yatsa. Ta wuce zaure, ta wuce rijiya, ta zagaya bayan ɗakin Iya, nan yatsan ya tsaya. A hoton wurin rana ce tarwai, inuwar kuma ta kwanto gaba, bakin ƙofa.

"Ina inuwa tat tahi?" ta ce. "Nan inuwa take."

"Wace inuwa?" in ji Yafendo. "Bayan ɗaki da ko kaza ba ta tsayawa sabadda rana? Bakin ƙohwa Iya ka zama, Adda. Ni da nig girma gidan, ni za a hwaɗa ma? Nan taka gyaran ganye, ni ina gehenta. Ga shi ko na'ura ta hwaɗi. Na'ura ta san ni ko ta san ki? Ba ta ƙarya."

"Bayan ɗaki taka zama da ni," Inna ta ce a hankali.

"Mahwalki dai kinka yi."

Da dariya Yafendo ta faɗa, don ita a wurinta musu abinci ne, ba ta nufin komai da shi. Ni na ga fuskar Inna. Ta janye yatsanta, ta ce hoto ya yi kyau, Allah shi yi albarka, ta tashi wai za ta duba tukunya. Na san ba ta ɗora komai ba.

Na bi ta madafa. Tana tsaye tana juya murfin kwano a hannu.

"Abin ga naku," ta ce, "shina kuskure?"

"Inna, ni nis sa ranag ga da hannuna, inda nig ga dama. Ba shaida ba ta."

Ta dube ni ta yi wani murmushi da ban so ba. "Hakanga mu ma munka riƙa lallashin Gwaggo," ta ce. "In tac ce an yi biki, mu ce awo, an yi."

Raina ya ɓaci, da Yafendo da bakinta, da hoton da ruwan zinarensa. Na gane lallashi ba zai yi ba. Abin da ya fi damuna kuma, ni ma ban san wadda ke da gaskiya ba. Yafendo a gidan ta girma har aka kai ta ɗakin miji. Inna baƙuwa ce a cikinsa, kuma ga mantuwar nan ta fara.

Na koma Sakkwato na buɗe aikin, na cire sararin aro na jefar. A cikin manhajar da nake aiki da ita akwai wata rana da ba kasafai nake taɓa ta ba, don ba ta da ladabi: ba kai ke ajiye ta ba, ita ke ajiye kanta. Naka kawai ka faɗa mata inda ginin yake a duniya, ina ne arewa, wane wata ne, wane lokaci ne na yini. In ka faɗa, sai ta je ta tsaya inda ranar Allah ke tsayawa a wannan wurin a wannan lokacin, ko hoto ya yi kyau ko ya ƙi.

Wurin bai yi wuya ba, na buɗe taswira na dangwala kusa da Rimawa. Arewa ce matsalar, don ban taɓa tambaya ba, gida kawai na gina yana shawagi. Tsofaffin nan kuwa ba za su ba ka amsa da ma'auni ba. Sai na kira su a waya ɗaya bayan ɗaya na yi musu tambaya iri ɗaya: in Iya ta tsaya salla a cikin ɗakinta, wane hannu ƙofa take? Yafendo ta ce dama, kuma wace irin tambaya ce wannan, ko na fara koyon duba ne. Inna ta sa na maimaita tambayar. Sannan ta ce, "Dama. In ban ɓata ba." Wannan "in ban ɓata ba" sabuwa ce a bakinta, kuma daga ranar hoton ta fara liƙa ta a bayan kusan duk maganar da za ta yi, har ta farashin gishiri, har ta sunan jikokinta. Mai fuskantar gabas, damansa kudu ne. Ke nan ƙofar Iya kudu take kallo, bayan ɗakin kuma arewa. Na juya gidan ya zauna daidai, na sa lokaci hantsi ya ɗaga kafin azahar, na danna.

Inuwa ta kwanta a bakin ƙofa. Siririya ce, amma a bakin ƙofa take, bayan ɗaki kuwa rana.

Wannan karon ba ni na ajiye ta ba. Na zauna ina kallon allo, wata zuciyar na ce min in juya gidan ƙofa ta koma arewa, wa zai sani? Yafendo ce kawai, ita kuwa ko an yi daidai musu za ta yi. Har na kai hannu kan linzamin kwamfuta. Abin da ya tsayar da ni shi ne murmushin nan na madafa. Na san in Inna ta gano, daga ranar ba za ta ƙara yarda da wata magana tawa a kan lafiyar kanta ba, kuma akwai ranar da za ta buƙaci wanda za ta yarda da shi.

Na rufe aikin na ƙi buɗe shi na 'yan kwanaki. Da na dawo sai na ce ko ba komai in ƙarasa kayan tsakar gida. Na sa turmi, na sa tulu a bakin rijiya. Na tuna aikin da Inna ta ce Iya ke yi in tana riƙe mata faifai: gabu, wato ganyen albasa da ake dakawa a dunƙula a shanya, a ajiye don miya. Na fara jera 'yan dunƙulen a rana, sai hannuna ya tsaya. Manhajar watan da muke ciki ta ɗauka, tsakiyar damina, ban canza ba. Wa ke shanya gabu da damina? Gabu sai an shiga albasa, daga sanyi zuwa farkon zafi. Kuma lokacin ne ake kawo Inna daga Rabah, bayan an gama kaka hanya ta bushe.

Na kama ma'aunin wata na ja shi a hankali. Inuwar bakin ƙofa ta tsuke, ta shige ƙarƙashin bango, ta ɓace. Sai ga ta ta leƙo ta baya. Ina ja tana faɗaɗa, kafin in kai Janairu ta shimfiɗu a bayan ɗakin, ta ishi tabarma da mutum biyu har da saura. Na yi ihu a ofis har abokin aikina ya zubar da shayinsa.

Ba wani ilimi ba ne mai zurfi. An koya mana a makaranta cewa a ƙasarmu rana kan karkata arewa da damina ta koma kudu da sanyi, na rubuta a jarrabawa na ci na manta. Yafendo kanta tana matsar da tabarmarta a gidanta na Goronyo in shekara ta juya. Sai dai ba wanda ya haɗa wannan da musun bayan ɗakin Iya, har ni.

Saura in sa wurin ya yi kama da wuri. Ranar gaskiya ba ta da kirki ga hoto. Bangon da ta buga ya ƙone fari fat. Na rage wa kyamarar manhajar buɗin ido har laka ta dawo laka, sai kuma inuwar ta koma baƙa ƙirin, ko tabarma ba ka gani a ciki. Wannan kuwa ba zan kai wa Inna ba, in nuna mata rami in ce nan kuke zama. Na ɓoye fitilun ƙarya a lungu yadda muke yi wa manyan gidaje, abin ya fito kamar shagon sayar da waya. Na cire su da tsaki.

Wata Asabar a Wurno na tsaya a lungun bayan gidanmu, inda har yanzu akwai katangar laka, na tsura wa inuwa ido har wata maƙwabciya ta tambaya ko na yar da wani abu. Ashe inuwa ba baƙa ba ce. Rana na dukan ƙasa a gabanta, ƙasar na mayar da hasken jikin bango, ja-ja, mai ɗumi, sararin sama kuma na zubo nasa mai ɗan shuɗi. A aikina ƙasar tsakar gidan toka-toka na bar ta irin ta siminti, shi ya sa ba abin da take mayarwa. Na koma na ba ta launin ƙasarmu, na ƙara wa haske damar yin tsalle daga ƙasa zuwa bango, daga bango zuwa ƙasa, kafin ya mutu. Kwamfutar ta ɗauki zafi ta yi ta huci, amma inuwar ta buɗe: ga saƙar tabarma, ga sawun hannu a yaɓen bango. Na rage shuɗin sama, don samanmu ba ta kai haka ba, fari-fari take yi a ƙasa-ƙasa. Na ɗan tausasa bakin inuwa, ba sosai ba, ranarmu da kaifi take yanka. Daga ƙarshe na sauko da kyamara daga sama na ajiye ta daidai idon yarinya a zaune.

Ban sa mutum ba. Mutanen da ke zuwa da manhajar duk Turawa ne masu jaka a hannu da mata masu jan kare, kuma ko da akwai tsohuwa mai zane, ba ni da fuskar Iya, ba zan ƙirƙira mata ba. Tabarma na sa, da faifai.

Wannan karon ban buga a takarda ba, kada a ce na gyara. Na ɗauki kwamfutar kanta na tafi Wurno, na aika wa Yafendo ta zo akwai magana. Ta iso tana faɗan hanya da direba. Muka zauna ƙarƙashin rumfa, na juya allon yadda haske ba zai kashe shi ba. Inna ta zauna nesa kaɗan tana tsintar shinkafa, wai tana ji daga can.

Na yi musu bayani a gajarce: wannan ranar ba ni ke ajiye ta ba, nawa in faɗa mata wata, ita ta san sauran. Na fara da damina, daga tsakar gida. Hoton kan fara da dishi-dishi ne kafin ya washe. Da ya washe, ga inuwa a bakin ƙofa.

"To!" Yafendo ta tafa hannu. "Sabadda wanga kinka taso ni daga Goronyo? Mi nic ce?"

"Kin yi gaskiya, Yafendo, da damina," na ce. "Amma in tambaye ki. In an shiga albasa, ina kika yini?"

"Hwadama mana. Ni ka bin Baba ban ruwa tun da sahe, sai la'asar. Wa za shi zamna gida lokacin albasa?"

"Inna hwa, wane lokaci aka kawo ta daga Rabah?"

Yafendo ta buɗe baki ta rufe. Ban taɓa ganin haka ba tun da nake, kuma na so a ce dangi duk suna wurin.

Na ce ta kawo yatsanta. Ita na sa ta ja watan da kanta, don kada gobe ta ce na yi dabo. Ta fizge shi kamar mai jan akuya, na ce a hankali, ba a kasuwa muke ba. Tana ja inuwa na barin ƙofa. Da ta kai sanyi na zagaya da kyamara bayan ɗaki na sauke ta ƙasa. Hoton ya yi dishi-dishi, ya fara washewa.

Ban san lokacin da Inna ta ajiye shinkafar ba, na dai ji ta a kafaɗata. Ta daɗe tana kallo. Tabarma, faifai, jan bango, ga rumbu can gaba rana na dukan jinkarsa.

"Nan na," ta ce. "Nan na. Ni nan, ita nan." Ta nuna da yatsa ba ta taɓa allon ba. Sannan ta juyo ta tambaye ni yadda ake tambayar likita. "Ba ke kinka aje ta ba?"

"Yafendo taj ja, Inna. Kin gani da idonki."

"Ashe ban ruɗe ba."

"Ba ki ruɗe ba."

Ta sauke numfashi ta zauna sosai a kan tabarma. Na yi farin cikin da ban taɓa yi a kan wani aiki ba, kuma na ji tausayinta, don sai a lokacin na ga girman abin da ta yi makonni tana ɗauke da shi ita kaɗai. Na zaci za ta rama, ni kaina na gyara zama in taya ta. Yafendo ma ta shirya, har ta fara cewa ai ita ba ta ce ba a taɓa zama bayan ɗaki ba, abin da ta ce shi ne...

"Mai da shi damina," Inna ta ce min.

Na ce ai an gama da damina, gaskiyarta ta fito. Ta ce in mayar dai. Na mayar, na dawo da kyamara tsakar gida, nan ma na sauke ta ƙasa. Siririyar inuwa ta dawo bakin ƙofa. Ta kalla, ta kalla.

"Ban taɓa ganin gidanmu da damina ba," ta ce. Ba kuka a muryarta, faɗa kawai ta yi, kamar yanzu ta lura. Ta juya wurin ƙanwarta. "Ke da kinka gani. In ta zamna nan, mi taka yi?"

Yafendo ta gyara ɗaurin kallabinta, ta sake gyarawa. Da ta fara magana muryar ta yi ƙasa har sai da na matso.

"Gyaran ganye. Rama, yakuwa, abin da anka samu. Ƙohwar gusum taka dubi." Gusum suke ce wa kudu, kuma daga Rimawa, can wajen Rabah take. "To in hadari ya haɗu can, sai ta aje aikin ta tsaya kallo. Ta ce, 'Ana ruwa Rabah.' Ni in ce to mi yad dame mu da Rabah. Ba ta kula ni. Sai ta ce, 'Ko an shigo da yara.'" Yafendo ta share hanci da bakin mayafi. "Kullum, Adda. Dut hadarin da yah haɗu gusum. Walle ban gane ba sai yau."

Inna ta juya ga kwamfutar. Ta matso kusa da allon, kusa ƙwarai, inda inuwa ta kwanta a bakin ƙofar da ba kowa, ta yi magana a hankali yadda ake yi wa babba.

"Ana shigo da mu, Iya," ta ce. "Tun kahin ruwa shi sauko aka shigo da mu."